Gonar da Aka Ce An Duba

Madarunfa, Talata, damina 1948

Zuwa ga Yaya Ɗan Azumi, gardi mai tsaron bariki a Maraɗi.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ni ne Abarshi, mijin ƙanwarka Kulu, Malam Shu'aibu ke rubuta mini. Bayan haka, tun jiya da hantsi Inna ta ɗauki ƙwarya ta ce za ta tsinko tafasa, har yanzu ba ta dawo ba. Mun fita mu bakwai, mun ratsa gonar marigayi Baba daga kai har gindi, ba ta ciki. Ruwa ya wanke sawu. Yanzu mun koma bakin tafki, don wani masunci ya ce ya hango tsohuwa wajen. Ka taya mu addu'a.

Allah ya bar girma. Abarshi.

Maraɗi, Laraba

Abarshi, ina amsa gaisuwa.

Haba! Mutum bakwai a gonar da ake kwana uku ana nomanta, ga hatsi ya fi ka tsawo, ka ce mini ba ta ciki? Cewa za ka yi ba ku gan ta ba. A cikin hatsin nan idonka ba ya wuce taku uku dama, uku hagu. In tsakaninku taku ashirin ne, abin da kuka bari ya ninka abin da kuka gani har biyu. Lokacin ina soja, sau biyu muka wuce wani abokinmu kwance a ciyawa, sai a na uku ƙafata ta yi tuntuɓe da shi.

Kuma da wace gwiwa Inna za ta kai tafki? Matar da ke hutawa sau biyu kafin rijiya! Ku koma gona. Wa ya bi gefen kwazazzaɓo inda tafasa take? Wa ya kira ta?

Na roƙi kumandan, Baturen da ke mulkin nan, ya sake ni, ya ce sai Asabar, wai babban baƙo zai zo. Raina a ɓace yake, ko abinci na kasa ci.

Ka gaida Kulu. Ɗan Azumi.

Madarunfa, Alhamis

Yaya, gaisuwa da ladabi.

Takardarka ta sosa mana rai. Ƙafafunmu sun kumbura, kai kana can kana lissafin taku. Gefen kwazazzaɓo ni da kaina na bi shi, ban wakilta kowa ba. Kira kuwa, sauran sun kira daga nasu ɓangaren. Ni ka san bakina ba ya ɗaukar sunan surukata, ko ɗaga mata murya ban taɓa yi ba. Gyaran murya na yi ta yi, ina buga sanda, da tana nan da ta motsa. Kulu ta so binmu, na ce ta zauna gida da masu jaje. Dattawa sun ce inda aka duba an duba, komawa ɓata rana ne.

Ka huta lafiya. Abarshi.

Maraɗi, Alhamis da yamma

Abarshi, sannunku da wahala, na sani kun wahala.

Amma gyaran murya? Uwata ta ɓace kana mata gyaran murya! Shekara goma sha biyu, in ta hango ka a hanya sai ta ratse cikin ciyawa har ka wuce, ka manta? A cikin ku bakwai, kai kaɗai ne ba za ta amsa wa ba, kai kuma aka ba wurin da ya fi kama da inda za ta. Wannan wuri ba a duba shi ba sam, wallahi ba a duba ba.

Gobe da sassafe ku tara kowa, har mata. Ku jera kafaɗa da kafaɗa, ku ratsa gonar a gicciye, ba yadda kuka bi da farko ba. Kulu ta bi kwazazzaɓo tana kira. Kai ka tsaya gida da masu jaje.

Ɗan Azumi.

Madarunfa, Juma'a

Yaya, ni ce Kulu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kira na uku ta amsa mini. Tana cikin kwazazzaɓo, ƙugu ya karye, ƙaya ta yage mata zane. Ruwan sama take tara a ƙwaryarta. Mun kawo ta gida da ranta, ta cika bayan la'asar.

Ta ce mini ranar Litinin ta ji tarin Abarshi, har ta ga ƙafarsa a bakin ramin. Ta jawo ganye ta rufe jiki, ta yi shiru har ya wuce. Wai ta ɗauka ni zan biyo baya. Ni kuwa ina gida ina ba baƙi ruwa! Haushin kowa nake ji, har nata.

Abarshi bai sani ba, Malam ya rantse zai kama bakinsa. Abarshin ne ya haƙa mata kabari, ya hana kowa taɓa masa fartanya. In ka zo gobe, yi masa duk faɗan da ka ga dama, amma ban da wannan.

Allah ya kawo ka lafiya. Ƙanwarka, Kulu.