Kaset ɗin Kakar Rufa'i

Zuwa ga mahaifina, Malam Sabo mai gyaran bidiyo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar girmamawa irin wadda ta kamaci ɗiya ga mahaifinta, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Hajara ce, autarka, daga nan Jidda.

Jiya na bi ta lungunmu na Karantina. Shagonka ya zama na sayar da wayoyi. Na tsaya a ƙofar har yaron shagon ya tambaye ni abin da nake nema, na juya na tafi. Shi ya sa na zauna rubuta maka wannan.

Ka tuna yadda kake son fim ɗin kaboyi? Duk na'urar da ka gyara, da shi kake gwada ta. Mahaya su taso da bindiga suna korar mutane, kai kuma kana buga cinya kana cewa, "Yalla, bi su!" Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ji mutumin da ko jaki bai taɓa hawa ba."

Ina shekara goma sha ɗaya wani direba ɗan Nijar ya kawo maka maigidansa, injiniya a kamfanin tace ruwan teku, mazaunin unguwar Ruwais. Da ganin fuskarsa ka ɗauka Balarabe ne. Ashe Ba'amurke ne, amma kakanninsa mutanen Meziko ne. Sunansa ya gagari bakinka, sai ka raɗa masa Rufa'i, ya kuwa amsa.

Na'urarsa ce ta haɗiye kaset. Shago uku ya kai, duka suka ce sai dai a tsinke zaren a yar. Da guntun Larabcinsa ya gaya maka kakarsa ce a ciki, ta rasu, kuma ba shi da muryarta a ko'ina sai nan.

Kwana uku ka yi a kansa da reza da salatif. Ka hana a kunna fanka duk da zafin Jidda, kada iska ta ɗauki zaren. Da na kawo maka shayi na matso kusa, sai ka ce, "Ja baya, auta. Amanar mutum ce a hannuna."

Ranar da ya dawo ka danna, sai ga tsohuwa a kujera, da mayafi baƙi kamar na Inna. Rufa'i ya dafe baki. Da ya natsu, ya riƙa fassara maka da Larabci, kai kuma kana juyo mana da Hausa ta bayan labule.

Labarin kakanta take bayarwa. Suna da gona a bakin kogi, da tumaki, da rijiyar da ubansa ya haƙa, duka a ƙasar Meziko. Sai mutanen Amurka suka riƙa kwararowa yamma da keken dawaki suna neman fili, sojoji na biye. Aka yi yaƙi shekara biyu. Yayansa ya tafi bai dawo ba. Da aka ci Meziko, ta sa hannu ta bar kusan rabin ƙasarta, har da garinsu. Aka yi musu alkawarin ba mai taɓa gonar kowa. Daga baya kotu ta ce su kawo shaida, cikin harshen da ba sa ji. Shekaru yana zarya. A ƙarshe dai kakan ya koma kiwon tumakin baƙo a filin da aka haife shi.

Ka tambayi Rufa'i yaushe suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ya ce ko taku ɗaya ba su yi ba. Sai ka ce, "Ikon Allah. Mu mun zo ƙasar mutane ba takarda. Su kuwa a gidansu aka same su aka ce su kawo takarda."

Tun ranar ka koma gwada na'ura da wasan ƙwallo. Da na tambaye ka ina kaboyi, ka ce, "Halas, an gama. Yanzu na san kakar waɗanda ake kora."

Rufa'i ya zama ɗan gida. Kowace Alhamis yana nan, zaune a tabarmar shago, yana cin masar Inna da yaji har hawaye, yana cewa barkonon garinsu ya tuna. Larabcinka karyayye, nasa ya fi naka karyewa, amma sai ku kai magariba kuna hira.

Shekara uku bayan haka 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka tare ka kana fitowa daga sallar la'asar. Ba ka da iƙama, takardar izinin zama. Rufa'i ya je wurin mai kamfaninsu ya roƙe shi ya zama kafilinka, mai tsaya maka wurin hukuma, bai yarda ba. Sau uku ya je gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai a na uku aka bari ya gan ka.

Daga can ya wuto gidanmu. Ya tsaya a waje, ya juya wa ƙofa baya don kada ya ga Inna. Saƙonka ya kawo, kuma ya ƙi faɗarsa da Larabci. Ya haddace shi da Hausa yadda ka faɗa, yana maimaitawa tun daga hanya: "Ku ci abinci. Auta kada ta bar makaranta." Inna ta yi dariya saboda yadda ya karya kalmomin, dariyar ta koma kuka.

Ban bar makarantar ba, Baba. Amma zan gaya maka abin da na ɓoye. Da labarin rasuwarka ya zo daga Kano shekara biyu bayan an mayar da kai can, fushi na yi da kai. Na ce ka tafi ba sallama, kamar da son ranka ne. Yarinta ce. Ka yafe mini.

Shekara ashirin ke nan ban ga kabarinka ba, don in na fita ba zan iya dawowa wurin Inna ba. To, bana kafilin maigidana ya tsaya mini, iƙama ta fito, fasfo ma ya fito. Bayan ƙaramar salla ina tafe. Ban san Kano ba, ko sau ɗaya ban taka ta ba, amma Kawu Lawal ya ce zai tarye ni ya kai ni har inda kake.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa can ta fi nan. Rufa'i kuma, duk inda yake, Allah ya saka masa da alheri. Amin.

Taka har abada,
Hajara, auta.