Alawar da Aka Raba da Kwalinta

Zuwa ga shugaban masu shagunan kayan masarufi na bakin iyaka, Jibiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali, na rubuto ne a kan abin da ya kusa raba ni da mijina.

Maigidana, Malam Sani, dillalin shanu ne. Ya tsufa a cikin dabbobi, sai ga shi bara jikinsa ya juya masu baya. Da ya ci nama ko ya sha nono, bayan 'yan sa'o'i sai fuska ta kumbura, numfashi ya riƙa sarƙewa. Likita a Katsina ya ce cizon kaska ne ya jawo, ya kuma ce a raba shi da duk abin da ya fito daga jikin dabba. Tun daga ranar na sauya tukunya. Wake, waken suya, gyaɗa da zogale suka maye gurbin nama. Shayinsa da mazarƙwaila yake sha, kununsa da dabino. Zumar kwalba ma na ajiye, tunda ban san me ake haɗa ta da shi ba. Abin da na dafa da hannuna bai taɓa ba ni tsoro ba. Na shagunanku ne matsalata.

Na farko, al'adarku ta farke kwali. Kaya su shigo daga Maraɗi, a juye su a ƙulla a farar leda, kwalin kuma a shimfiɗa a zauna a kai. Biskit, dunƙulen miya, garin koko, alawa, duk sun zama marasa suna. Ta ina zan san wanda aka sa wa madara ko kitse?

Na biyu, amsar da kuke bayarwa. Wata ranar kasuwa Malam ya ce bakinsa yana son zaƙi. Na tsaya wani shago da ba zan ambata ba, na ɗauki ƙullin alawa mai taushi, na tambaya har sau biyu ko akwai wani abin dabba a ciki. Mai shagon ya ce, "Haba Hajiya, halal na, babu alade ciki, ki kai mishi." Ban ce ƙarya ya yi ba. A wurinsa, duk wanda ya yi wannan tambaya alade yake gudu. Malam ya sha guda uku bayan azahar. Kafin magariba ɗan acaba ya ɗauko mu zuwa asibiti, ina riƙe da Malam ta baya, ina jin ƙirjinsa yana shaƙa kamar tsohon famfo. Washegari na koma na zaro kwalin daga ƙarƙashin mai shagon. Maƙwabciyata da ta yi karatu a Nijar ta karanta Faransancin: an daskarar da alawar ne da abin da ake dafowa daga ƙashi da fatar shanu. Halal ce, kuma da hannuna na miƙa masa. Wannan ne yake ci mini rai har yau.

Don haka ina roƙo. A bar kwali ɗaya a kan kantar shago kusa da duk kayan da aka ƙulla. Wanda rubutunsa Faransanci ne, a samu mai karantawa a cikinku, ai ba ku rasa su ba. In kuma mai shago bai sani ba, ya ce bai sani ba, zan gode masa in wuce.

Malam ya tashi, alhamdu lillahi. Amma ranar Juma'ar da ta wuce jikarmu ta miƙa masa rabin biskit ɗinta, na ga ya mayar da hannayensa baya, yana kallona in ba shi izini. Ledar biskit ɗin fara ce, Alhaji, babu ko suna a jikinta.

Allah ya ƙara wa kasuwarku albarka, ya tsare ku da iyalanku daga irin wannan jarrabawa.

Wassalam.

Binta Sani, Magama.