Ƙorafi Kan Na'urar da Ke Kuka a Cikin Kwali

Daga: Babbar Ungozoma,
Sashen Awon Ciki,
Ƙaramin Asibitin Unguwa.

Zuwa ga: Mai Girma Daraktan Kula da Ƙananan Asibitoci,
Ta hannun Shugabar Asibiti.

Litinin, 17 ga Maris, 2014.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KARƁE NA'URAR TSARA AWO DA AKA YI MINI, DA HATSARIN DA MATA UKU SUKE CIKI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman izinin gabatar da kokena. Shekarata ashirin da shida a wannan aiki, kuma ban taɓa rubuta wa ofishinka takarda ba sai ta neman hutu. Da akwai wata ƙofar da ban ƙwanƙwasa ba, da ban dame ka ba.

Tun shekarar 2001 nake aiki da 'yar na'urar hannu mai maɓallai da ofishinka ya raba wa ungozomomi. A ciki nake ajiye ranakun awo da kwatancen gidajen mata. Matan unguwa sun sa mata suna Sakatare, domin ita ke kuka ta tuna mini wadda ya kamata in gani. A ranar 10 ga Fabrairu takardar umarni ta zo cewa kowa ya miƙa tasa a ba shi wayar zamani. Ban yi gardama ba, kuma har yanzu ban ce wayar ba ta da amfani ba. Ga dai abin da ya biyo baya:

1. A ranar Laraba, 26 ga Fabrairu, jami'in na'ura ya zo asibitinmu ya kwashe bayanan mata ɗari biyu da goma sha biyu daga tsohuwar na'ura zuwa waya. Na roƙe shi minti goma in yi masa bayanin yadda nake rubutuna. Ya nuna mini agogo, ya sanar da ni cewa asibitoci huɗu na jiransa, kuma manhajar ta fi mu duka iya aikinta. Ya sa ni na sa hannu a fom, ya jefa Sakatare cikin kwali tare da sauran, ya tafi.

2. Abin da ban samu faɗa masa ba shi ne wannan. A ɗakin awo ba ni kaɗai ke kallon allon na'urata ba. Uwar miji kan leƙa, maƙwabciya kan leƙa, kuma abin da aka gani da safe kafin azahar ya zagaye unguwa. Don haka ba na rubuta ciwon mace kusa da sunanta. A cikin lokacin awonta nake ɓoye shi. Mai lafiya ina sa mata ƙarfe tara daidai. Mai hawan jini, tara da minti ɗaya. Wadda ta yi zubar jini a haihuwar baya, tara da minti biyu. Wadda aka taɓa yi wa aikin tiyata, tara da minti uku. Da na ga mintin nan nakan fito da ita daga layi in fara da ita, in kuma ba ta zo ba in bi ta gida. Shekara goma sha uku ina haka, sirrin kowa a rufe.

Sabuwar manhaja ba ta san minti ɗaya ba. Lokaci a wurinta kwata-kwata ne: tara, tara da kwata, tara da rabi. Ta goge mintocina duka, ta mai da mata ɗari biyu da goma sha biyu lafiyarsu ɗaya. Kwatancen gidaje ma bai biyo ba, wai gurbin ya yi masa kaɗan.

3. Na amsa laifina a nan, ranka ya daɗe. Ban taɓa rubuta wannan tsari a takarda ba, ban kuma koya wa kowa ba. Na ɗauka ni da na'urar za mu yi ritaya tare. Idan akwai takardar gargaɗi a kan wannan, a rubuto mini, zan sa hannu.

4. A ranar Talata, 11 ga Maris, matar mai walda ta zo awo da cikin wata takwas. Tana cikin masu minti ɗaya, amma ranar wayar ta nuna mini ita kamar kowa, ni kuma mata arba'in ne a gabana. Ta zauna a benci tun ƙarfe takwas da rabi, ba ta ce wa kowa kanta na sara mata ba, don mai kunya ce. Wajen sha ɗaya da rabi jijjiga ta kama ta a kan layi. Mun kai ta babban asibiti, Allah ya sa ita da jaririn sun rayu, amma har yau jaririn yana cikin kwalbar bakwaini. Ni na karɓi haihuwar yarinyar nan da hannuna shekara ashirin da biyu da suka wuce. Uwarta ba ta zage ni ba, gaishe ni ma ta yi da aiki, kuma da zagin ta yi da ya fi mini sauƙi.

5. Na san adadin masu minti, goma sha bakwai ne, domin nakan ƙirga su duk farkon wata. Na zauna da takarda da biro na tuno goma sha huɗu. Uku sun ƙi zuwa. Rajistar ofis suna da rana kawai take ɗauka. Katin awo kuma yana hannun matan, wasu sun ɓatar, wasu kuma da baki suka gaya mini abin da ba su yarda a rubuta ba. Kwana shida ke nan ina bin gidaje bayan an tashi aiki, da gwiwar da likita ya hana ni wahalar da ita. Gidajen da na sani kawai nake iya zuwa, kuma ƙwaƙwalwata ba ta da ba ce.

6. Na je sito a ranar 3, da 6, da 13 ga Maris. Mai kula da sito ya ce sai da takardar jami'in na'ura. Jami'in na'ura ya ce da zarar kaya sun shiga sito sun fita daga hannunsa. Shugabar asibiti ta buga waya sau biyu, aka ce a rubuto. To, ga shi na rubuto. Mai kula da sito mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni. Shi ya shaida mini cewa wani abu na damunsa da kuka a cikin kwali na uku kowace safiya, ya rasa yadda zai kashe shi. Na roƙe shi kada ya gwada.

7. Na'urar nan idan batirinta ya mutu, duk abin da ke cikinta ya tafi ke nan. Nakan canza mata batura ranar Asabar ta farkon kowane wata. Canjin ƙarshe ranar 1 ga Fabrairu ne, kuma ban taɓa ganin sun wuce mako bakwai ba. Mako bakwai zai cika ranar Asabar mai zuwa, 22 ga Maris.

Saboda haka, cikin ladabi, ina roƙon Mai Girma Darakta ya ba da umarni a fito mini da na'urar kafin ranar Juma'a, 21 ga Maris. Ba na neman a bar mini ita. Awa biyu sun ishe ni, a cikin sito, a gaban duk wanda ofis ya wakilta, in kwafe sunaye uku da kwatancen gidajensu in mayar. Ina kuma roƙon a tambayi sauran ungozomomi ko akwai mai irin tsarina, don ban yi zaton ni kaɗai ce mai ɓoye sirrin mata ba.

Idan wannan takarda za ta daɗe a kan tebur, kamar yadda na san takardu kan yi, na liƙa batura biyu sababbi a jikin ambulan. Ina roƙon a aika wa mai kula da sito ya sa wa na'urar. A gaya masa ya cire ɗaya ya sa sabo, sannan ya cire ɗayan, kada ya cire su tare. Yau da safe na yi masa waya, ya ce har yanzu tana kuka, sai dai muryar ta yi ƙasa.

Allah ya ƙara wa Mai Girma Darakta lafiya da adalci.

Taka mai biyayya,

(sa hannu)
Babbar Ungozoma,
Sashen Awon Ciki.

Abin da aka haɗo: kwafin fom na 26 ga Fabrairu, batura biyu.