Rigunan Sanyi Biyu

Elizabeth, Ostareliya
Janairu, 1994

Zuwa ga Yaya Enid,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na ga katinki na ta'aziyyar matata Doreen, na gode.

Jiya na buɗe akwatin ƙarfen da muka zo da shi a jirgin ruwa. Kin tuna, gwamnati ta kawo mu kusan kyauta, sharaɗin kawai mu yi shekara biyu. Matar tawa ta ninke rigunanmu na sanyi a ciki, ta ce kada wanda ya taɓa, da su za mu koma garinmu Hull. Tun muna bukkar kwano a sansanin baƙi har muka samu gida, tukunyar fure take ɗora masa. Yau shekara arba'in.

Na sa tawa na zauna a baranda, cikin zafin nan mai narka kwalta. Maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya ce, "Kai mutumin Ingila, zazzaɓi ne ko taɓin hankali?" Har yau baƙo nake a bakinsu. Yaranmu suna can nesa a garuruwan Perth da Darwin, waya sai Lahadi. Kaɗaici ya ishe ni, Yaya. Ɗakin bayan nan naki yana nan?

Ƙanenki,
Wilf

Hull, Ingila
Fabrairu

Wilf,

Bayan gaisuwa. Sannu, ɗan shekara biyu! Sai yanzu ka tuna da ɗakin baya? A cikinsa na yi jinyar Mama, kullum tana tambaya ko jirginka ya iso. Kai kuwa hoton bishiyar lemo ka aiko mana.

Wane gida ma za ka dawo? Layinmu an rushe shi, motoci ake ajiyewa a wurin. Zuwan da ka yi sau ɗaya, abokanka na dā suna ce maka ɗan Ostareliya, kai kuma kana ta mitar sanyi kamar ba a cikinsa aka haife ka ba.

To, na gama faɗa. Na kwashe keken ɗinkina daga ɗakin. Ni ma da rediyo nake hira, har musu muke yi. Ka zo kafin in sake shawara.

Yayarka,
Enid

Hull
Mayu

Wilf,

Ina gaisuwa. Shirun na mene ne? Na sayi bargo, na sa an gyara tagar. Duk matan coci sun san ƙanena na tafe, kada ka ba ni kunya. Ka faɗa mini ranar.

Enid

Elizabeth
Yuni

Yaya Enid,

Ina gaishe ki, ki yi mini haƙuri. Na fita sayen tikiti, sai na biya maƙabarta in yi wa Doreen sallama. Furen da na dasa mata ya fara bushewa, kwana kaɗan da ban je ba. Ni na kawo ta ƙasar nan tana kuka. Idan na tafi, wa zai ba shi ruwa?

Ga rigunan nan a ƙunshi, duka biyun. Ki sa tata, za ta yi miki daidai. Tawa ki ba wani.

Ki huta lafiya.
Wilf