Ƙofar Yaya Gap-su

Zuwa ga jikata Eun-sil,

Gaisuwa mai yawa daga tsibirinmu zuwa wannan ƙasa mai nisa da kika zaɓa. Ina fata kina lafiya, kina kuma cin shinkafa, ba burodi kaɗai ba. Allah ya tsare ki, ya ƙara wa idonki ƙarfi tunda kullum yana kan gilashin kwamfuta. Mu nan lafiya lau. Gwaggonki Mal-sun ta gama shanya ciyawar teku, ita ce ma take rubuta mini wannan, saboda haka in kin ga kalma mai laushi, tata ce.

Ki kwantar da hankalinki, Yaya Gap-su bai mutu ba. Ƙugunsa ne ya karye, likitoci a birnin Mokpo sun gyara, har ya fara zagin miyar asibiti. Da sassafe ya zame a tsakar gida wajen ɗebo kimchi, kabejin nan mai tsami, daga tulu, ya kwanta cikin sanyi ya kasa tashi. Wayarsa tana aljihu. Manhajar nan taku ta duba tsofaffi ta kira shi kamar kullum, ta tambaya ko yana bukatar taimako, ya danna a'a. Da na tsare shi da tambaya daga baya, wai ba zai sa a taso jirgin ruwan asibiti saboda tsoho ɗaya da tulu ba, mutane suna da aikin yi. Na ce masa tun muna yara ba a taɓa bambance kansa da dutse ba. Ya ce ai gado ne, in duba madubi.

Tambaya ta biyu ce ta cece shi, wadda kika sha faɗa a kanta. Manhajar ta kira maƙwabciyarsa, Uwar Deok-gu, ta tambaye ta ko ƙofar gidan Gap-su ta buɗe yau. Kin san ta, ba za ta faɗi ciwon kanta ba ko ana yanka ta, amma na wani ba ya kwana a bakinta. Ta danna a'a, nan take aka kira shugaban ƙauye, ya haura katanga ya same shi leɓe ya yi shuɗi.

Na tuna bara kin ce abokan aikinki sun ce tambayar farko ta isa, ta biyun gulma ce da shiga sirrin mutane. Ban ga laifinsu ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A wurinsu ka tambayi mutum ya gaya maka gaskiya. Mu nan in tsoho ya ce yana bukata, ya kunyata 'ya'yansa ke nan. Shekarar da guguwa ta cinye jiragen kamun kifi, ina yaro, babu matar da ta roƙi ko ƙwaya. Uwata hayaƙin gidaje take dubawa, inda bai tashi ba ta ajiye sha'ir a ƙofa ta wuce. Kakarki ta gaji wannan, ke kuma ta riƙa aikenki leƙen gidaje kina jan takalmin da ya fi ƙafarki. Abokan aikinki sun fi ni sanin na'ura, ke ma haka, amma ke kin san wanda zai ɗaga wayar.

Kada ki ɗauka na shirya da abin nan naku na waya. Muryarsa ba ladabi, bai taɓa tambayata ko na ci abinci ba. Tambayar da ta shafe ni har yau ba na amsawa. Ta maƙwabci dai ina amsawa.

Mal-sun ta ce kina neman tikitin jirgi. Ki bari. Ki ajiye hutunki sai bikin kaka, lokacin Yaya ya dawo gida. Ya ce ki zo da kanki ya ja miki kunne, kin sa mace ta tona masa asiri.

Ki gaida mijinki Tae-ung da ɗan yaronku Ha-ram. Mal-sun da Uwar Deok-gu suna gaishe ki.

Kakanki,
Pyo Eul-su