Sunan Baba a Kan Azurfa

Makka, shekara biyu da faɗuwar injin gini a Harami.

Zuwa ga 'yar ƙanena Larai,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Haɗeja, yaya Umaru da yara? Maƙwabcina Sabi'u ke rubuta mini. Ina lafiya, idon ne kawai ya ɗan yi hazo, likita na maganar aiki.

Kin san tsohon kuɗin azurfar da kakanki ya ɗaura a ƙugu, ya tako da shi ta Sudan shekara bakwai. Na kai wa wani dillali a Jidda. Su sai sun auna kyan kuɗi, su rufe shi a roba, su manna takardar wanda ya mallaka. Kafin in je na goge shi da tsamiya da toka, don kada Baba ya ji kunya. Dillalin ya riƙe kai, wai na wanke darajarsa.

Ya ce gyara ɗaya ne, a rubuta cewa daga taskar wani attajirin Jidda ya fito, sai farashinsa ya isa aikin idon. Na ce a rubuta sunan Baba, Isa Bahaɗeje. Ya ce, "Ya Hajji, wa ya san shi?" Na ce ni.

Wataƙila gaskiyarsa, suna ba ya ƙara wa azurfa nauyi. Amma attajirin bai kwana da yunwa da ita a ƙugu ba.

Ki karanta wa yara wannan, ki adana. Allah ya yi muku albarka. Gobe bayan asuba zan hau mota in karɓo abina. Idon ya jira.

Baffanki, Suhaibu