Baƙar ƙumba a farantin Yaya Erundina

Alhamis, 2 ga Maris

An sake yi mana ɓarna a gaɓar tekun da muka rufe, muka hana tono. Ƙananan ƙumbar tekun da muka watsa su girma, an kwashe rabi. A taron ƙungiyarmu ta masu tonon ƙumba kowa abokiyar aikinmu Dorinda yake kallo, don gidanta ne kusa da wurin. An karɓe takardarta ta izinin tono har a gama bincike. Ta fita tana kuka. Ni ma na ɗaga hannu a karɓe takardar.

Lahadi, 5 ga Maris

Mun ci abincin rana gidan Yaya Erundina, shinkafa da ƙumba. Sai da na sha romo na ƙoshi na dubi ɓawon da na tara a gefen faranti. Ƙanana, ko tsawon gaɓar yatsa ba su kai ba. Zanen bayansu kamar saƙar raga, gindinsu baƙi. Na yashi farare ne tas. Baƙin taɓon da ke rina ɓawo haka wuri ɗaya yake a duk bakin tekun nan, inda muka rufe.

Na ce, "Yaya, a ina kika samo waɗannan?"

"A kasuwa mana. Ci ki yi shiru, sarkin bincike."

Wace kasuwa ce za ta karɓi masu wannan ƙanƙanta? Ita fa ta koya mini bambance su, tun manjagara ta fi ni tsawo.

Litinin, 6 ga Maris

Ban iya cin komai ba. Yaya! Wadda ta fi kowa ɗaga murya a kan Dorinda.

Laraba, 8 ga Maris

Na tare Yaya a bayan coci. Ko musu ba ta yi ba.

"To, na ɗiba. Tekun na ubansu ne? Je ki faɗa, a kore ni, ki huta."

"Dorinda fa? 'Ya'yanta?"

"Dorinda 'yar uwarki ce?"

Ta juya ta tafi, na bi ta da kallo har ta sha kwana. Tsoronta ma na ji.

Juma'a, 10 ga Maris

Ruwan teku ya janye da hantsi. Aiki ba laifi, sai sanyi. Yaya ta kira ni in kama mata kwando kamar kullum, ban ji da wuri ba, wata ta kama mata. Gobe taro. Ba wai na yanke wani abu ba ne. Na dai biya gidan Dorinda, na ce ta zo goben, ta zauna kusa da ni.